Ɗakin Mako Guda

Masu karatu, yau ku yi haƙuri da ni, babu raha a bakina. Na ɗauki wayar nan zan rubuta muku, sai da na ajiye ta na je na wanke kwanuka tukuna na dawo.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Fadila, 'yar Malam Badaru mai ɗinkin hula a cikin garin Daura. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ƙannena mata, kuma tun da na yi wayo ban taɓa rufe ƙofa na san ni kaɗai ce a bayanta ba. In zan sa kaya sai na ce su juya baya, in zan yi kuka sai na shiga banɗaki na riƙa zuba ruwa a ƙasa don kada a ji. Wanda nake so kuwa Yazid ne, ɗan Baure. Yana aiki a Dausayin Balbela, wurin shaƙatawar nan da wani kamfani ya gina a bayan gari, kan hanyar Mashi. Baba bai taɓa ƙin sa ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ba za a sa rana ba sai mata sun je sun ga ɗakin da za a ajiye ni.

Ranar Alhamis da yamma ina tsinke zogale a tsakar gida saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, ki gaya wa Umma ɗaki ya samu."

Na goge hannu a zani na rubuta, "Haya ka kama?"

"Wace irin haya? Nawa ne, da sunana. Har jikokinmu sai sun gada."

"A wace unguwa?"

"A nan wurin aikinmu. Zaɓi ma gare ki, ko bakin ruwa ko bene. Su Gwaggo su zo Asabar."

Ban tambaye shi yadda mai karɓar tikiti a bakin ƙofa ya mallaki ɗaki a wurin da manyan mutane ke zuwa hutu ba. Da na gaya wa Umma, sai ta durƙusa ta jawo kwalayen da take tarawa a ƙarƙashin gadonta tun ina firamare. Tukwane, fulas-fulas, labule ruwan hanta da bai taɓa ganin rana ba, da wata tsohuwar kwalla mai zanen fure da ta gada wurin kakata. Ta riƙa goge su ɗaya bayan ɗaya da gefen zaninta tana murmushi.

Na san za ku ce amarya ba ta zuwa ganin ɗaki. Haka Inna Rahama, ƙanwar Umma, ta faɗa ranar Asabar da ta gan ni da hijabi. Amma Gwaggo Kyauta, yayar Baba, ba a ja da ita.

"Idona ya yi hazo, gwiwata ta ƙi," in ji Gwaggo. "Wa zai riƙe ni, ke da wannan takalmin naki mai tsini? Kuma ita za ta zauna a ciki, ba ni ba."

Haka muka cika keke napep. Inna Rahama ta sha leshi ruwan goro da mayafi mai duwatsu, ga baƙin gilashi, ga tef ɗin awo a jaka. Gwaggo kuwa zani da riga na tsohuwar atamfa, silifas na roba, da igiyarta mai ƙulle-ƙulle wadda ta auna ɗakin kowace amarya a danginmu da ita. Ni na sa doguwar rigata koriya da hijabi ruwan toka, na shafa turaren da Yazid ya ba ni da Sallah.

Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. A bakin ƙofa akwai giwar siminti, haurenta ɗaya ya karye an ɗaure shi da waya. Gaba kaɗan ga jimina a keji tana bin 'yan kunnen mata da ido. Can tsakiya kuma ga babban lilon nan, kamar an cire tayar keke an kafa ta a ƙasa ta kusa taɓo gajimare, mutane a cikin 'yan akwatuna yana juyawa da su a hankali. An haƙa tafki, an zuba kwale-kwale masu siffar agwagwa, an jera balbelu farare tas a gaɓa. Gwaggo ta tsaya ta daɗe tana kallon su, sannan ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa ta jefi ɗaya. Tsakuwar ta ce ƙwas, balbelar ba ta motsa ba.

"Roba ce," in ji Gwaggo. "To, Allah ya sa alheri."

Yazid ya taho da sauri cikin shuɗiyar rigarsu ta aiki, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su. Ni ya kalle ni ta gefen ido kawai, amma na ga yadda fuskarsa take haske. Wallahi, masu karatu, wannan fuskar ce ta hana ni barci tun ranar, don babu alamar mai yaudara a cikinta.

Bene ya fara kai mu. Gwaggo ta hau matakala tana dafa ni, tana kiran sunan Allah a kowane taki. Da ya buɗe ɗakin sai sanyi ya buge mu. Tayil fari ƙal, gado ƙato da farin zanin gado, kujeru biyu, talabijin a bango, banɗaki har da madubi mai tsawon mutum. Inna Rahama ta cire gilashi.

"Ma sha Allah. Yaya Kyauta, an gama magana. Nan za a zauna."

Gwaggo ta taka zuwa taga. Daidai lokacin lilon ya kawo wani akwati saitin mu, wani ƙaton mutum a ciki yana lasar askirim. Ya ɗaga mana hannu.

"Wancan wa yake gaisarwa?"

"Mu ne, Gwaggo," in ji Yazid yana 'yar dariya.

"Wato amarya ta fito daga wanka, duk wanda ya yanki tikiti sai ya hau ya yi mata sannu da aiki."

"Ai labule za a sa," in ji Inna Rahama.

"Ta zauna a duhu da rana tsaka kamar mai takaba? Ina za ta yi daka? Ina za ta shanya?"

"Haba Yaya, wa ke daka yanzu? Inji ne. Kuma a sama babu sauro, ga iska. Baƙi su zo su ga 'yarmu a bene, ba a ƙasa kamar kaza ba."

"Ni kazar ce, a ƙasa na haifi nawa, kuma ba wanda ya faɗo ta taga."

Haka suka sauko suna yi, har muka zagaya bayan tafki inda ɗakunan bakin ruwa suke. Su kuma an gina su zagaye kamar bukkoki, rufin kwano ne amma an yi masa fenti ya zama kamar jinka. Kowanne da 'yar katangarsa da ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Nan fa Gwaggo ta saki fuska.

"Yauwa. Ga inda mutum zai ajiye murhu."

"Ga kuma inda sauro zai cinye ta," in ji Inna Rahama. "Ki ji kwaɗi tun da rana. Danshi ya ci ƙafar gado, yaro ya fara rarrafe ya nufi ruwa. Ni dai bene."

"Ke dai bene, tun da ba ke za ki hau da tulu ba."

"Famfo ne a ciki, Yaya."

"Famfon da ba a ɗauke shi ne?"

Ni ina bayansu ina kallon ƙofar. Katako ce mai kauri, ruwan ƙasa, da ɗan ramin leƙe a tsakiya. A raina har na rufe ta na jingina da ita. Sai a lokacin idona ya kai kan katanga, na ga an shanya 'yan kayan jariri da ɗankwali. Gwaggo ma ta gani, duk da hazon idonta.

"Ɗan nan, mai haya ka zuba a ciki?"

"A'a Gwaggo. Ai makonta ne."

"Makonta na me?"

Ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwa, muryarsa ta koma irin wadda yake yi wa baƙi bayani da ita.

"Kin ga Gwaggo, ɗakin nan ba mutum ɗaya ke saye ba. An yanka shekara mako-mako, kowa ya sayi nasa. Nawa yana faɗowa bayan girbi. In ya zo, ɗaki namu ne, ruwa da wuta da shara duk a kansu, har lilo kyauta. Kowace shekara haka, ba mai hana mu."

"In ya wuce fa?"

"Sai mai na gaba ya shigo."

"Ita kuma 'yar tawa ta faɗa tafkin nan ta zauna da agwagin?"

"Tana Baure, wurin Innarmu. Akwai ɗakin da muke ajiye gero, za a matsar da buhunan gefe guda. Ƙofa ce dai babu, amma akwai asabari. Ni kuma duk ranar hutuna ina zuwa."

Daga can nesa kiɗan jirgin ƙasan yara yana ta maimaita kansa. Yazid ya juyo gare ni, a gaban manya, abin da bai taɓa yi ba.

"Fadila, ki fahimce ni. Wani bulo yake tarawa, ni mako nake tarawa. Bana ɗaya, baɗi in ƙara wani. Wata rana sai sun haɗe, ɗakin ya zama namu baki ɗaya. Wa kika sani a ƙawayenki da aka kai ta irin wannan wuri?"

"Kafin su haɗe," in ji Gwaggo a hankali, "da ni da kai da ita duk mun zama ƙasa. Kayan jerenta fa? Gadonta?"

"Ba a shigo da kaya, Gwaggo. Komai akwai. Ko hoto ba a ratayawa."

Gwaggo ta naɗe igiyarta a hannu ta cusa a ƙugu. Na ɗauka shi ke nan an tashi. Amma sai Inna Rahama ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To in ma mako ɗaya ne, ai gara benen. Ranar da ya so sayarwa ya fi saurin fita."

"Mako ɗaya tak take da shi a duniya, shi ma ki ba masu askirim su kalla?"

Suka sake kamawa. Wannan ne ya fi ci mini rai, masu karatu. An gama gaya musu ba ni da ɗaki, amma suna tsaye a rana suna gardamar wanne ya fi a cikin ɗakunan da ba ni da su.

Hayaniyarsu ce ta sa aka buɗe ƙofar. Wata siririyar mata ce, ba za ta girme ni da yawa ba, da goyo a baya da zanin wanka a kafaɗa. Ta gaida su Gwaggo, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Baiwar Allah, shigo ki sha ruwa. Kin yi fari fat."

Na shiga, ta mayar da ƙofa ta murza makulli. Duk surutun ya yanke kamar an kashe rediyo. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Ta shimfiɗa nata zanin gado mai fure a kan farin, ta ɗora ɗan kasko a ƙasan tebur. A jikin silin na ga wani abu zagaye an sa masa safar jariri.

"Mai ihun hayaƙi ne," ta ce da ta ga ina kallo. "Shekarar farko da na sa turare ya tara mini jama'a. Yanzu da na shigo nake sa masa hula. In ban turara ba, ƙamshin matar makon jiya nake ji a filo. Sunana Ikilima, daga Babban Mutum. Ke ce ta yaron tikiti?"

Na ɗaga kai. Ta miƙo mini ruwa mai sanyi a kofi.

"Mun yi bene a farko, muka canza. Kada ki yarda da benen nan. Bangon kamar takarda, in kika yi tari na kusa ya ce miki sannu. Kuma lilon yana kuka, wani irin ƙiii, kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Nan sauro ne kawai, shi kuwa ai da shi muka tashi."

"Maigidan fa?"

Ta kwance goyon, ta kwantar da yarinyar a gado kafin ta amsa.

"Sabiru direban babbar mota ne, yana hanyar Agadas. Bara ya samu kwana biyu a ciki. Bana mota ta lalace masa a daji. Ya ce in zo, mako ba ya jiran kowa."

"Ke kaɗai?"

"Ni da wannan." Ta yi ɗan murmushi. "Kada ki ji tausayina. A gidan surukaina mu da yawa ne, ko man shafawa na buɗe sai an ji ƙarar murfin. Nan kuwa jiya na kwanta da hantsi, ba wanda ya kira sunana har azahar. Na yi kuka na ƙoshi, na tashi na dafa indomi na cinye ni kaɗai. Zo ki ga wani abu."

Ta buɗe durowar kaya ta nuna mini bayan murfin. An yi 'yan zane-zane da fensir, gajeru da dogaye, wasu da jan baki, wasu da kwalli.

"Tsawon 'ya'yan matan ɗakin nan ne. Masu shara ba sa duba nan. Wannan na kwallin tawa ce. Wannan mai jan bakin ban san uwarsa ba, amma yaron yana saurin girma, ma sha Allah. Wannan kuma," ta ɗora yatsa a kan wani ɗan gajere, "tun shekarar da na fara zuwa yake nan. Ba a ƙara masa ba."

Muka tsaya muna kallon sa.

"Mai makon da ke gabana takan bar mini allura da zare a saman durowa," ta ce. "Ni kuma ina bar wa ta bayana daddawa. Maƙwabta ne, ba mu dai taɓa haɗuwa ba."

"Yaya Ikilima, in ke ce ni, za ki yarda?"

"Ni ba a tambaye ni ba sai da aka saya. Ke an tambaye ki." Ta ɗauki kofin daga hannuna. "Abin da zan gaya miki, ranar fita ta fi komai wuya. Tun da safe ake ƙwanƙwasawa. Sai ki cire zanin gadonki, ki cire wa wancan hularsa, ki tsaya ki ga ɗakin ya koma kamar ba ki taɓa shiga ba."

A keke napep muna dawowa Inna Rahama ta ce ƙafarta ta yi kanta. Wayata tana ta motsi a jaka da saƙonnin Yazid. "Kin yi shiru." "Wanne ya fi burge ki?" "Ƙarshen wata ake rufe canjin ɗaki, ki yi tunani." Ban buɗe ba, daga saman allo na karanta.

Zan gaya muku abin da na ƙudura a raina. Na ce Baba zai yi mini aikin. Gwaggo za ta ba shi labari, ya ce bai yarda ba, Yazid ya ji daga bakin manya, dole ya sayar da makon ya nemi haya ko ɗaki ɗaya ne a cikin gari. Ni kuma in tsira da fuskata a wurinsa, in ce ba laifina ba ne. Ba zan iya kallon idon nan nasa in ce masa abin da ya tara wa kuɗin guminsa ba ɗaki ba ne.

Na manta wane ne Baba. Mutum ne da zai ajiye allura da hula ya bi tururuwa da ido har raminsu. Bayan la'asar Gwaggo ta zauna a zaure ta zazzage masa komai, ina laɓe a bayan ƙyaure. Ya saurara har ta gama.

"Yaya, jiminar nan, da gaske tana haɗiye ƙarfe?"

"Badaru, maganar 'yarka nake yi maka."

"Na ji. Shi lilon, in mutum ya kai ƙololuwa, ina da ina yake hangowa?"

"Ka je ka hau mana, tun da kai ma yaro ne."

Ya kuwa je. Ranar Talata ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya fita tun da hantsi, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Ya shigo hularsa a karkace, idanunsa suna ƙyalli, ya zauna a kan turmi a tsakar gida, abin da yake hana mu yi.

"Ashe garin nan ɗan mitsitsi ne," ya ce wa Umma. "Kamar faifai. Na hango tsamiyar gonar mahaifinmu, wadda aka sayar. Tana nan, ba su sare ta ba. Na ce wa mai juya lilon kada a sauke ni, aka sake zagayawa da ni."

"Malam, ɗakin fa?" in ji Umma.

"Na shiga duka biyun. Ni dai na fi son benen, Yaya ce ba ta da ido. Yaron nan Yazid yana da kai. Mutum ya sayi lokaci kamar yadda ake sayen fili, ni ban taɓa jin irin wannan ba. Na gaya masa haka. Mu da muka fara a zauren mutane, wa ya ba mu ko yini ɗaya a irin wannan wuri?"

Umma ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana tura kwalaye ƙarƙashin gado, kwallar nan tana ƙara a kan siminti. Baba ya kira ni. Na zo na durƙusa.

"Fadila, ni sharaɗina ya cika, an ga ɗaki. Amma ban taɓa yi wa ɗayanku dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Yau Yazid zai zo. Abin da kika ce masa, shi zan gaya wa mutanensa."

Na koma ɗaki. Ƙannena suna kwance a kan katifa suna kallon waya, ko ɗagowa ba su yi ba. Na tsaya a gaban ɗan madubinmu mai tsaga na shirya maganata. Zan ce masa ina son sa. Zan ce ban raina ƙoƙarinsa ba. Zan roƙe shi ya sayar, ko da asara, mu kama ɗaki ɗaya ko a bayan kasuwa ne, ko da ba silin, in dai da ƙofa kuma ba mai ƙwanƙwasa mana da safe ya ce lokaci ya yi. Na maimaita har na haddace. Na sa baƙin hijabi, ban shafa turare ba.

Ana idar da Magariba aka ce ana sallama da ni. Na same shi a ƙofar zaure, ya canza zuwa farar shadda, amma ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura har idon sawu, yana ta share gumi da hankici.

"Ranki ya daɗe, kwana uku kin hana ni sukuni."

"Yaya Yazid, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ni ma. Bari in riga ki, tawa mai daɗi ce."

"Don Allah ka bari in fara. In na ce ka sayar da makon nan, mu nemi haya a cikin gari, za ka yi?"

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Sannan ya yi dariya a hankali, irin ta mai lallashin yaro.

"Na san abin da ke damun ki. Su Gwaggo sun ruɗa ki, wannan ta ce ruwa, wannan ta ce bene. Na ga yadda kika tsaya a tsakiyarsu, sai da na ji tausayinki. To na raba gardama." Ya zaro wani ɗan kati daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu. "Da Baba ya sauko daga lilo ya dafa kafaɗata ya ce ina da kai, wallahi ji na yi kamar a ba ni duniya. Yana tafiya na shiga ofis. Na sayi na biyu, a bene, cikin bazara. Yanzu ba sai kin zaɓa ba, Fadila. Duka naki ne."

Ban karɓi katin ba. Na leƙa bayansa, jikin katangar da yake jingine babur ɗinsa duk zuwa. Babu komai a wurin sai akuyar maƙwabta.

"Ina babur?"

"Wani ɗan Mashi ya ɗauka ɗazu. Ya saya da daraja."

"Da me za ka riƙa zuwa Baure?"

"Ai motoci ba su ƙare ba. In ma ban samu zuwa kowane hutu ba, ki tuna yanzu mako biyu gare mu." Ya ƙara matso da katin. "Karɓi mana. Har sunanki na sa aka rubuta."

Hannunsa yana nan a miƙe, nawa suna cikin hijabi, na damƙe su har farce ya shige mini. Duk abin da na haddace ya gudu. Daga cikin gida na ji takun Baba, ya tsaya a bayan ƙyauren zaure ya yi gyaran murya.

"Fadila," ya ce, muryarsa cike da fara'a, "me zan gaya wa mutanen Baure?"